Albasar Alhaji da Igiyar Kwamfuta

Ina da riƙo. Gara in faɗa tun farko, kada wani ya bi ni har ƙarshe yana jiran ya ji na ce na yafe. Innata ma ta san halina. Takan ce tun ina ƙarama in aka mare ni ba na kuka, sai in koma gefe in zauna in yi ta kallon mutum har shi ya tsargu.

A shekarun da salula ta fara saukowa daga hannun manya zuwa hannun irinmu, kafin a shiga dubu biyu da goma, ina aiki a wani ɗan buro kusa da tasha a Birnin Ƙonni. Buga takardu muke yi da fotokopi. Mai neman aiki, mai sayen fili, direban da ke son kofen takardun mota, duk wurina suke zuwa. Ɗaki ɗaya ne, da kwamfuta ɗaya, da injin fotokopi mai zafi kamar murhu, da fanka. Ramukan wuta na bango biyu ne. Ɗaya an jona masa duk kayan aiki, na bakin ƙofa shi kaɗai ya rage wa mai son cajin waya. Ɗakin da nake haya a bayan kasuwa ba shi da wuta, saboda haka in ban samu caji a buro ba, to ban samu ba ke nan.

Mai buron mutum ne mai sanyin hali, muna ce masa Mushe, wato malam da Faransanci, don ya taɓa koyarwa a lakwal, makarantar boko. Wansa shi ne damuwar. Alhaji ne, babban mai sayen albasa, ga jiki ga murya. Ba abin da ya haɗa shi da buron sai jini, amma kullum da hantsi sai ya zo ya baje a bencin ƙofa, a kawo masa shayi, mutanensa su kewaye shi. Abu na farko da yake yi in ya iso shi ne ya zare duk cajar da ya tarar a bango ya jona tasa. Ba ya tambayar ta wa ce. Sai ya jefa wayar mutum a kan tebur kamar ɓawon gyaɗa, ya fita. Tawa ce kullum yake tararwa, don ni nake buɗe wurin.

Na daɗe ina haɗiye wannan. Babba ne, wan mai gida ne, ni kuwa sakatariya ce da ta zo daga ƙauye. Ina ce masa Baba Alhaji, in durƙusa in gaishe shi, shi kuma bai taɓa sanin sunana ba. Ke ɗiya, haka yake kirana.

Wata shekara inna ta kwanta ciwo tun tsakiyar damina. Ƙauyenmu yana gaba da Alela, babu wuta, kuma waya ɗaya ce a garin gaba ɗaya, ta mai shago. Ko ita sai an hau tudun bayan gari ake samun rezo, wato sabis ɗin waya. Yayana, wanda ke zaune da inna, ya rubuta lambata a 'yar takarda ya soke a cikin hularsa. Muka yi da shi cewa in jikin ya tashi ya hau tudu ya kira ni. Daga Ƙonni in na samu kabu-kabu mai hankali, awa biyu ta kai ni gida.

Wata Juma'a da safe, bayan an fara yankan gero, na iso buro wayata tana kukan batir. Na jona ta a bango. Ko minti goma ba ta yi ba sai ga Alhaji. Na tashi da sauri na tare shi, abin da ban taɓa yi ba.

"Baba Alhaji, don Allah a bar mini ita ta ɗan samu. Inna ba ta lahiya, ina jiran kira daga gida."

"Allah shi ba ta lahiya," in ji shi, hannunsa na zare cajata. "Ga inji nan gabanki, ki sa mata can mana. Shi ba da wuta yake aiki ba?"

Ya jona tasa ya fita. Aka yi dariya a benci, ban san ko da ni ake ba.

Akwai wata 'yar igiya baƙa a aljihun tebur, wadda ake ce wa USB, Mushe yana sauke hotuna da ita. Bakinta ƙarami ya yi daidai da na wayata. Na soka ɗaya kan a jikin kwamfuta, ɗayan a waya, sai ga sandunan batir sun fara hawa suna sauka, daidai yadda suke yi a bango. Wallahi har daɗi na ji. Na ce ashe da tuni na huta da wulaƙancin mutumin nan. Ta zauna a nan awa uku cur. Ranar Juma'a da tsakar rana muke rufewa sai gobe, to da na kashe kwamfuta na zare ta, na ga sanda uku cikin huɗu. Na jefa ta a jaka na tafi gida hankalina kwance.

Na yi wanki, na yi girki, jakar tana rataye a ƙusa kusa da ni, kunnena na wurinta. Shiru. Ni a zatona shirun alheri ne. Sai dab da magariba na ciro ta don in duba lokaci, na tarar fuskarta baƙi ƙirin. Na danna, na sake dannawa, ba ta motsa ba. Na ruga gidan maƙwabta masu wuta, na tarar an ɗauke a unguwar tun la'asar. Na dawo ina lallashin kaina cewa in an yi haƙuri gari zai waye.

Gari ya waye da wani mutumin ƙauyenmu a ƙofar gidan, a kan moto, wato babur, ƙafafunsa duk laka. Da na ga ya kasa kallon idona na san komai. Muka kama hanya. Muna shiga gari maza na dawowa daga maƙabarta.

Yayana bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya zaunar da ni ya faɗa mini a hankali. Tun la'asar yake hawa tudun nan, sau biyar, da wayar mai shago a hannu, kowane kira a ce masa a kashe take. Inna ta kai har bayan isha'i da hankalinta. Duk wanda ya ɗaga labule sai ta juyo ta ce, ta iso? Da kiran farko ya shiga, da kafin magariba ina gabanta. Na san ajali ba ya jiran kowa, ba na jayayya da wannan, kuma ban ce Alhaji ya ɗauki ranta ba. Ganinta ya hana ni, saboda ba ya iya jiran awa ɗaya.

Bayan addu'ar bakwai na koma aiki. Mushe ya je har ƙauye ya yi mana gaisuwa, Allah ya saka masa. Alhaji yana can wajen harkarsa. Ranar da ya dawo ya shigo, ya zare cajata, ya jefa wayar a kan tebur, ya fita. Ko kallona bai yi ba. A ranar na daina kuka.

Da farko so na yi in san abin da ya faru da ni. Na shiga gwaji ni kaɗai. A bango, awa ɗaya da rabi ta cika, ta yi mini kwana biyu har uku. A jikin kwamfuta kuwa tun safe har azahar, ta nuna sanda uku, amma da na yi kira biyu sai su zube, kafin la'asar ta mutu ba ko sallama. Na je wurin wani mai gyaran waya a bakin tasha na tambaye shi. Ya ce ramin kwamfuta ba don caji aka yi shi ba, wutar da yake saki kaɗan ce, kamar mai cika randa da ludayi, kuma in wayar a kunne take tana neman rezo to kusan abin da ya shiga shi take sha. Sandunan kuwa, in ji shi, in an zare da ɗuminsu sukan yi wa mutum ƙarya. Na yi masa godiya na tafi, bai san abin da ya ba ni ba.

Daga nan na zama wata irin mai ladabi. Da na hango Alhaji sai in zare tawa da kaina, in fito har benci, in karɓi tasa da hannu biyu, in je in jona masa a bango. In ta cika in kawo masa a durƙushe. Har ya ce wa mutanensa, kun ga wagga ɗiya ta fara hankali. Sannu a hankali ya daina shigowa ciki. Daga zaune yake miƙo waya da caja ba ya ko juyowa. Haka muka ƙare kaka, muka ci rani. Wajen bazara ya sayo sabuwar waya, mai faɗin fuska, mai haske kamar fitila, mai cin batir kamar ba gobe. Ranar da ya fara miƙo mini ita na juya ta na dubi bakinta. Irin na 'yar baƙar igiyar nan ne. Na shiga ciki na zauna na yi murmushi ni kaɗai.

Ina iya yi masa a kowace rana, amma me zan samu? Ya yi wuni ɗaya ba waya, ya zagi kamfani, ya manta. Ba wannan nake so ba. Ranar da rayuwarsa ke rataye a kan kira ɗaya nake jira, kuma na san za ta zo, don ni nake buga masa takardunsa.

Ga yadda aikinsu yake. Da rani yakan sayi albasa a gonaki, ya zuba a rudu, wato rumbun kara da ake yi mata don iska ta riƙa ratsa ta, ya bar ta har damina lokacin da ta yi wuya a kasuwa. In za a kai ta kudu, sai a fito da ita a tsince a ɗura a buhuna a jera a fili, ranar da mota za ta zo. Albasa in ta bar rudu ta shiga buhu ba ta da haƙuri. Zafi na taɓa ta, ruwa kuwa in ya same ta an gama. Direbobin manyan motocin nan baƙi ne, daga ƙasashen bakin teku suke, ba su san hanyoyin ƙauye ba. In direba ya iso bakin kwalta sai ya kira mai kaya a kwatanta masa inda zai ratsa. In bai samu mai kaya ba, ga wasu nan tsaye a tasha da nasu kayan suna neman mota ido rufe, ba zai kwana yana jiran kowa ba.

Cikin damina aka kawo mini takardun wani babban lodi. Na karanta su da kyau. Rudunansa ne na wani ƙauye arewa da Malbaza, nesa da kwalta, inda babu wuta. Na tambayi Mushe a fakaice ko kayan haɗaka ne da manoma, ya ce a'a, na wansa ne shi kaɗai, tun rani ya saye. Wannan nake son ji, don ba ni da rigima da manomin kowa. Direba zai iso Malbaza jibi bayan azahar, ya kira.

Jibi da hantsi sai ga Alhaji cikin sauri, ko shayi bai zauna sha da kyau ba. Wayar ta kusa mutuwa, ya kwana biyu yana ta kiraye-kiraye.

"Ke ɗiya, cika mini wagga tam. Yau ranar aiki."

"To, Baba Alhaji."

Na shiga. Na jona cajarsa a bangon ƙofa inda kowa zai gani, na ja igiyarta ta bayan tebur na bar bakinta yana lilo a banza. Ita kuma salular na soka mata 'yar baƙar igiya a jikin kwamfuta, na ɗora takardu a kai. Na koma kujerata na ci gaba da aiki. Mushe ya shiga ya fita sau uku bai lura ba. Na buga wa wata mata takardar neman gurbi a lakwal, na yi wa wani direba fotokopi, ina jin muryar Alhaji a waje yana ba da labarin yadda ya san albasa tun kafin a haifi rabin mutanen tasha.

Wajen sha ɗaya da rabi ya miƙe. Na zare, na naɗe cajar, na fito na durƙusa.

"Ta cika?"

"Tun da kunka ba ni tana wuta, Baba Alhaji."

Ban yi masa ƙarya ba. Ya dubi fuskar wayar ya ga sanda uku, ya ce madalla. Nan take a tsaye ya kira shugaban masu ɗura buhu ya yi masa ihu mai tsawo, ya sake kiran wani ya yi masa nasa. Ina durƙushe ina sauraro, kowace kalma daɗi take yi mini. Sai ya zura ta a aljihun babbar riga ya shiga mota.

Ranar nan na ci tuwo da yawa. Tun rasuwar inna ban ji ɗanɗanon abinci irin na ranar ba. Da la'asar na fito ƙofar buro na ga gabas ta fara haɗa baƙi, ban roƙi ruwa ba, ban kuma roƙi ya wuce ba.

Sauran labarin a bakin Mushe da mutanen benci na ji shi, kuma na ji shi sau da yawa, don ban gaji da ji ba. Alhaji ya isa, ya tarar an jera buhuna a fili, ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a gindin bishiya ya zauna jiran kira. Wayar tana aljihu, ya yarda da ita, bai ciro ba. Azahar ta wuce, la'asar ta yi. Yana ta zagin direba, baƙon banza marar alƙawari. Sai da wani ya ce Alhaji ko za ka kira shi kai, ya ciro ta ya tarar ta mutu tun ba a san lokaci ba. Lambar direba tana ciki, ba shi da ita a ka. Motar da ta kawo shi ta koma, sai moto aka samo masa, da girmansa da babbar rigarsa, ya bi laka har Malbaza. Kafin ya isa wani ya riga ya ja motar zuwa nasa kayan. Direban ya ce ya kira har ya gaji, a kashe. Alhaji na tsaye a tasha ruwa ya sauko, irin mai ƙarfin nan da ba ya barin komai a fili.

Kwana biyar kafin a samu wata mota. Abin da aka tsinta mai kyau bai kai rabi ba. Sauran aka zubar a bayan gari, aka ce har a kwalta ana jin wari. Mutanen benci suka ragu, masu shayi suka koma wani wuri. Ni dai na samu abin da nake so, amma da sauran abu ɗaya: bai san daga ina ta fito masa ba. Ramuwar da mutum bai san an yi masa ba, ni ba ta ƙosar da ni.

Bayan kamar mako biyu ya zo. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Wannan karon ya shigo har ciki ya zauna a kujerar baƙi, Mushe na gefe. Ya ciro wayar ya jefo ta a kan teburina.

"Ke ɗiya, ɗauki wagga, na ba ki. Ba ta da amana. Ni na gama da ita."

Kyauta. Ni zai ba kyauta. Na miƙe tsaye, ban durƙusa ba.

"Baba Alhaji, wayarku lahiyarta lau. Ni na ƙi sa ta a bango. A jikin kwamfuta na sa ta, ina sane, don na san ba za ta kai la'asar ba. Haka kunka sa ni na yi da tawa bara, ranar Juma'a, ina roƙonku ina ce muku inna ba ta lahiya. Wayar ta mutu a jakata. Yayana ya kira sau biyar bai same ni ba, inna ta cika tana tambayata, anka rufe ta ban gan ta ba."

Na faɗa duka, ban rage ba. Mushe ya gane nan take, na ga yadda ya sunkuyar da kai. Na tsaya ina jiran Alhaji ya tashi, ya zage ni, ya ɗaga hannu, ya ce a kira jandarma su kama ni. Duk na shirya musu, shekara guda ina shiryawa.

Ya dube ni, karo na farko da ya dube ni sosai. Maganar igiya da kwamfuta ko shiga kunnensa ba ta yi ba, ya kore ta da hannu kamar ƙuda. A ganinsa ɗiyar da ke durƙusa masa ba ta isa ta yi masa komai ba.

"Tsaya," in ji shi. "Inna taki ta rasu? Yaushe?"

Bai tuna Juma'ar ba. Bai tuna na roƙe shi ba. Shekara guda ina kwana da shi ina tashi da shi a raina, shi kuwa bai ma san an yi mutuwa ba. Ya juya ya yi wa ƙanensa faɗa don me ba a gaya masa ba, sa'an nan ya gyara zama ya ɗaga hannuwa biyu ya shiga yi wa inna addu'a, doguwa, mai kyau, da zuciya ɗaya, Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta, ya ba 'ya'yanta haƙuri. Mushe ya ɗaga nasa. Ni ina tsaye cike da haushi, na ga ba yadda zan yi, uwata ake yi wa addu'a. Na ɗaga hannu na ce amin, na shafa tare da shi.

Ƙarshen watan na bar buron da kaina, kafin Mushe ya samu bakin da zai sallame ni. Albasar ban taɓa yin nadamarta ba ko sau ɗaya. Amin ɗin nan da ya sa ni na faɗa a bayansa, ita ce har yau ban yafe masa ba.